Yadda Aka Soya Mini Digiri a Madina

Tun da na dawo daga Madina abokaina ba su bar ni na huta ba. A masallaci a tambaye ni, a wurin ɗaurin aure a ja ni gefe a ce in ba da labarin dodon koɗin nan. Abin da ya fi damuna shi ne labarin ya fara yawo ba tare da ni ba, har na ji wani yana rantsuwa wai kama ni aka yi a Jidda da buhun katantanwa. Ba a kama ni ba, kuma ba buhu ba ne, guda biyar ne. Shi ya sa na ga gara in rubuta da hannuna. Shekaru sun ɗan ja, ban kuma ajiye littafin tafiya ba, don haka mai yiwuwa in sa abin ranar Talata a Laraba. Abin da na tabbata da shi zan faɗa, wanda nake shakka zan ce ina shakka.

A ƙarshen shekarun casa'in ne, lokacin ina shekara ta uku a digiri na biyu a sashen nazarin dabbobi na wata jami'a a nan Arewa. Aikina a kan dodon koɗin madatsun ruwa ne, masu ɗauke da cutar tsargiya. Na gama shi tuntuni, sa hannun Farfesa kawai ya rage. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yanzu shi ke rubuta mini takardar shaida. Duk lokacin da na kai masa kundin sai ya ɗaga shi kamar mai auna nauyin kaza, ya ce da saura.

Ana haka wasiƙa ta zo masa daga wani tsohon abokin karatunsa, Injiniya Bala, wanda ke aiki a Yanbu a bakin Bahar Maliya, iyalinsa kuma suna Madina. Wani jirgin ruwa mai binciken ƙasan teku ya jawo kayan aikinsa daga zurfin da hasken rana ba ya kaiwa, sai ga wasu dodannin koɗi a cikin laka. Injiniya ya tuna da abokinsa, ya tsince su, ya aiko da hoto. Farfesa ya kwana uku yana duba littattafai bai ga irinsu ba, sai ya yanke hukuncin cewa sabon jinsi ne, sabon jinsi kuma dole a raɗa masa suna, kuma bai ga sunan da ya fi nasa dacewa ba. An taɓa aiko da guda ɗaya ta hannun wani alhaji, ya jefar da shi a Jidda saboda wari.

Da Farfesa ya ji kawuna ya ɗauki nauyin zuwana Umara, sai ya kira ni ofis. Na yi ƙoƙarin nuna masa cikin ladabi cewa dodon teku ba shi da alaƙa da tsargiya. Ya ce za a samo alaƙar.

"Ka kawo mini su cikakku," in ji shi. "Kwanso, nama, murfi. Ranar da ka ajiye su a kan teburin nan, ranar zan sa hannu."

Murfin da yake nufi wani ɗan faifai ne mai tauri kamar ƙaho, wanda dodon ke rufe ƙofar kwansonsa da shi idan ya shige ciki. Da shi da naman ake bambanta jinsi da jinsi. Kwanso kaɗai ba ya isa.

A gida kuwa kowa ya ba ni saƙonsa: dabino, carbi, darduma, zamzam. Yayata Hadiza ta ce ita farce take so, irin wanda ake soyawa a haɗa humra, kuma kada in bari a cuce ni da na banza. Na rubuta a takarda, na ninke, na sa a aljihu.

Kamfanin jirgin da muka bi ya zaunar da mu kwana biyu a filin jirgi, kullum ana ce mana jirgin ya taso. A nan na haɗu da Alhaji Sale, wani mai sayar da yadi, wanda ya ce wannan ce Umararsa ta goma sha ɗaya, ko ta goma sha biyu, shi ma bai tabbata ba. Na yi kuskuren gaya masa abin da na karanta. Ya dube ni da tausayi, ya ce shi a garinsu yara ke kama dodon koɗi kyauta, ba su kuma yi jami'a ba. Daga nan ya raɗa mini Dakta Katantanwa, ya gabatar da ni da wannan suna ga duk wanda muka haɗu da shi har muka dawo.

A Jidda mai binciken kaya ya buɗe jakata ya tarar da kwalabe biyar babu komai a ciki, da ƙunshin auduga, da wani ma'aunin ƙarfe mai baki kamar filaya. Ya ɗaga ma'aunin ya tambaye ni. Larabcina na Islamiyya ne, ya isa in yi bayanin abubuwan da ke warware alwala, bai isa in yi bayanin wannan ba. Na fara haɗa jimla, na ga ba daidai ba ce, na warware, na sake farawa. Alhaji Sale ya leƙo ta kafaɗata, ya nuna ni, ya taɓa gefen kansa, ya ce da mutumin, "Daktur, miskin." Aka rufe jakar aka miƙo mini.

Ba zan yi dogon bayanin Makka ba, waɗanda suka fi ni sani sun yi. Muka gama Umara, muka hau bas zuwa Madina. Direban ya tsaya da mu a wani wurin cin abinci a tsakiyar duwatsu, aka ajiye mana tire na shinkafa da rabin kaza a kai. Na ɗauka abincin tafiya ne. Ashe abincin ƙasar ke nan: shinkafa da kaza da rana, kaza da shinkafa da yamma. Da safe ne kawai ake sassauta wa mutum da wake da aka dama da man zaitun, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Wannan kam ban ga laifinsa ba.

Masaukinmu a Anbariyya yake, ɗaki ɗaya mu shida, sai kayan Alhaji Sale da suka fara da kusurwa ɗaya suka kai ga cinye gadona. Abin da ya fi ba ni mamaki a Madina shi ne 'yan kasuwa. Balarabe ko Ba'indiye zai hango hularka daga nesa ya ce, "Alhaji, zo, akwai araha," da Hausar da ta fi ta wasu 'ya'yan manyanmu. Da an kira salla kuma sai a yafa ƙyalle a kan kaya a tafi masallaci. Na tsaya na ga ko wani zai ɗaga ƙyallen. Ba wanda ya ɗaga. Alhaji Sale ya ce in daina kallon, kada a ɗauka ni ne mai niyyar.

Kamar yawancin mutanenmu, na ƙudurta yin salla arba'in a jere a Masallacin Annabi, ba tare da ɗaya ta wuce ni ba. Na zana layuka a bayan takardar saƙon Yaya Hadiza ina cikewa.

Ranar Alhamis, wadda ita ce farkon hutun mako a can a lokacin, Injiniya Bala ya zo ya ɗauke ni zuwa gidansa a Jurf. Ya gayyaci abokansa cin abincin rana: likitoci biyu, da wani malamin jami'a, da wani mai haɗa magunguna. Dukkansu sun shekara goma ko fiye a can, dukkansu cikin farar jallabiya. Tun daga wanke hannu har zuwa shayi suna gyara Najeriya. Kowa ya san abin da ya kamata a yi, kowa kuma zai koma gida da zarar yara sun gama makaranta. Yaran ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci. Aka zuba mini gahawa a wani ɗan finjali, na shanye na miƙa, aka sake zubawa. Sai a na bakwai malamin jami'ar ya ji tausayina ya ce girgiza finjalin ake yi idan an ƙoshi. Hannuna ya riga ya fara girgizar da kansa.

Da baƙi suka ragu, Injiniya ya kai ni kicin ya buɗe firji. Can ƙasa, bayan kaji, akwai wata robar askirim. Ya buɗe. Su biyar, kowanne bai kai tsawon tafin hannuna ba, farare masu ratsin ja-ja, da wasu siraran ƙayoyi a kafaɗa. Kowanne ya shige ciki ya rufe ƙofarsa da murfi mai launin zuma. A saman robar akwai 'yar takarda da ya rubuta zurfin da wurin. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallonsu ba. Na dai tuna cewa a shekara uku wannan ne karo na farko da na ji digirin nan zai yiwu.

A gida da sifirit muke ajiye irin waɗannan, amma a can ko sunansa ba a so a ji, don giya ake ɗaukarsa. Mai haɗa magungunan ya yi alkawarin kawo mini fomalin ranar Litinin bayan la'asar, ya ce in fitar da su tun da safe ƙanƙarar ta narke a hankali. Injiniya ya ce in dawo gidansa da zama har in tafi. Kafin ya koma Yanbu ranar Asabar ya ja mini kunne: kada in yi ta surutu a kan abin, don bai tabbata kamfaninsu zai ji daɗin an ɗauko wani abu daga jirgin ba, shi kuma igamarsa, wato takardar zamansa, a hannunsu take. Ko iyalinsa bai gaya wa ba, ya dai ce kada a taɓa robar.

Matarsa tana koyarwa, ba ta wuni a gida. Mai wuni a gida ita ce surukarsa, wata tsohuwa Bahaushiyar Sudan da kowa ke kira Habboba, wato kaka. Kakanninta daga ƙasar Sakkwato suka taso za su aikin Hajji a ƙasa, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya kai shekara ɗari. Hausarta irin ta da ce, sai ta yayyafa mata Larabci. Ita ce mai haɗa humra da turaren wuta na matan unguwar, gidan kullum cikin ƙamshi yake. Ta ɗauke ni tamkar jika, ta ce ramata ta yi yawa, ta kuma ɗora laifin a kan boko.

Ganin sana'arta ce, ranar Lahadi na ciro takardata na tambaye ta inda zan sayi farce mai kyau saboda yayata. Ta ce na kasuwa duk tsoho ne, an gauraya shi da tarkace, alhazai kawai ake sayar wa. Na ainihi sai wanda ya san mutanen bakin teku. Ta ce in bar mata, za ta duba.

A nan dole in faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. Na shekara uku ina auna murfin dodon koɗi, na san sunansa na Latin, na zana shi ya fi sau ɗari. Na kuma girma ina jin ƙaurin farce idan mata suna soya shi a bayan ɗakinmu. Ban taɓa haɗa su biyun a raina ba. Ba a koya mana ba, ni kuma ban taɓa tambayar Yaya Hadiza daga ina abin yake fitowa ba.

Ranar Litinin da hantsi na juye su a kwano, na rufe da faranti, na ajiye a inuwa a barandar bayan kicin. Habboba ta zo wucewa, ta ɗaga farantin, ta sunkuya ta daɗe tana kallo. Na ga fuskarta ta yi haske, na ɗauka sha'awar ilimi ce.

"Waladi, ɗana, wannan fa na wa?"

Na tuna jan kunnen Injiniya. Na kuma ji nauyin in gaya wa tsohuwa cewa namiji mai digiri ya ƙetaro teku saboda dodon koɗi.

"Saƙo ne na gida, Habboba."

"Na yayar taka?"

"To… kusan haka."

Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba, kuma a lokacin har na yaba wa kaina. Azahar ɗin ranar ita ce salla ta talatin da shida. Na yi tunanin in zauna in yi gadin kwanon, na kuma yi tunanin layukan takardata. Na tari tasi na tafi masallaci, na zauna a can har aka yi la'asar.

Tun daga matakala na ji ƙaurin. Wani wari ne tsakanin ƙonannen gashi da soyayyen kifi, na kuma san shi, na san shi tun ina yaro, kuma a kan matakalar nan ne ilimina na boko da na gida suka gaisa a karo na farko. Na hau da gudu.

Habboba na zaune a kan tabarma da wata maƙwabciyarta 'yar Chadi, ga kasko, ga ɗan turmin ƙarfe, ga kwalaben turare. A gefe, a kan farin ƙyalle, kwansuna biyar a jere, an wanke su tas da sabulu suna ƙyalli. Ta ɓamɓare murafen, ta kankare, ta wanke, ta soya a cikin yashi, ta daka. Na tambayi naman. Ta ce ta ba magen unguwa, magen ma sai da ta yi shawara. Na tambayi 'yar takardar da ke kan robar. Ta ce da ita ta kwashe ƙazantar.

"Kai namiji ne, ba ka san aikinsa ba," in ji ta. "Da ka kai mata shi ɗanye da ya ruɓe a hanya. Shekara hamsin ina wannan aiki ban taɓa riƙe farce irin wannan ba. Ko ƙwaya ɗaya ta kasuwa ban gauraya masa ba. Wa ya ba ka?"

Na zauna a ƙasa. Na yi mata bayanin Farfesa, da sabon jinsi, da sa hannu. Ta saurara har ƙarshe, ta fassara wa maƙwabciyar abin da ba ta gane ba, suka dubi juna.

"Shi malamin naku me zai yi da shi?"

"Zai auna, ya zana, ya sa a kwalba."

"Sannan?"

"Sannan ya ajiye a kan kanta."

Ta ce to ai ita ma a kwalba ta sa. Ta miƙo mini wata 'yar kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa, an naɗe bakinta da zare. Ta ce da sandal da miski da mahalab a ciki, kada a buɗe sai ta kwana arba'in. Daga baya, da ta ga ban taɓa shayin da ta zuba mini ba, ta dafa kaina ta ce in yafe mata, amma ni ma ta tambaye ni da bakinta, ba sau ɗaya ba. Haka ne kuwa. Ana cikin haka mai haɗa magunguna ya iso da fomalin ɗinsa a cikin leda.

Injiniya da aka gaya masa ta waya ya yi dariya har sai da ya ajiye kan wayar. Da ya dawo ya ce jirgin ya bar Yanbu tuntuni, ba a san ranar da zai sake zuwa ba. Zurfin kuwa yana jin ɗari huɗu ne, ko shida, bai tuna ko mita ba ne ko ƙafa. Washegari na shiga ɗakin buga waya na kuɗi a kusa da masallaci na kira Farfesa. Na ce masa an same su, su biyar, amma suna cikin wani yanayi. Ya ce in dai kawo. Na riga na cika sallata arba'in da Asubar ranar, ko da yake ba zan rantse cewa hankalina yana cikin ukun ƙarshe ba.

A hanyar dawowa na ba Alhaji Sale labarin don ya rage mini zafi. Ya karɓi kwalbar ya shinshina bakin zaren, ya ce wannan ne karo na farko da ya ji karatuna ya haifar da abin da mutum zai iya amfani da shi.

Na isa ofishin Farfesa na jera kwansuna biyar a kan tebur. Ya juya na farko, ya leƙa ciki, ya juya na biyu. Ya tambayi nama, ya tambayi murfi. A wannan karon ban ce kusan haka ba. Na faɗa masa komai daga farko, sannan na ciro kwalbar na ajiye, don ya ga ban zubar da komai ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce in fita, kwalbar kuma ta zauna, tunda kayan bincike ne na sashe.

Ya daina amsa gaisuwata. Na fara tambayar yadda ake neman aikin koyarwa a sakandare da digiri ɗaya. Yaya Hadiza ita ma ta daina yi mini magana, don ita a ganinta humrarta ce na kai wa wani ƙato.

Wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan haka, masinja ya zo ya ce ana kirana. Da na shiga ofishin na ji wani ƙamshi mai nauyi a jikin babbar rigar Farfesa, wanda ba na maza ba ne. Kundina yana gabansa a buɗe, ya riga ya sa hannu. Ya ce ya sake dubawa ya ga aikin tsargiyar ya isa haka. Har na kai ƙofa ya kira ni, ya gyara tabarau, ya ce Hajiyarsa tana tambaya ko ina da adireshin tsohuwar nan.

Kwansunan suna nan a kan kantar sashe, babu suna a jikinsu, ko nasa ko na wani. Wataƙila wani a wata ƙasa ya riga ya raɗa musu, ban sani ba. Abu ɗaya tak da aka tabbatar game da wannan dabba a iya sanina shi ne abin da Habboba ta gano, kuma ba ni da mujallar da zan aika wa.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Alhaji Sale yana nan da ransa, Injiniya ma haka, har yanzu yana shirin dawowa gida. Idan su ko wani da ya shaida ya ga na yi kuskure, ina roƙo ya rubuto mini in gyara, musamman a kan adadin finjalin gahawa da zurfin teku. Abu ɗaya ne ba na bukatar a tuna mini. Na san Habboba ta tambaye ni, na kuma san abin da na ce mata.